Rabin Dutsen da Ɗantala Ya Saya

Dutse na shida ke nan Ɗantala wanzami ya ɗauka. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi da farce, sannan ya kai shi baki ya lasa. Ezra ya kau da kai. Yana tsaye riƙe da babur ɗinsa a tsakiyar kasuwar Jibiya, da kaftaninsa na zuwa coci, rana ta take tsaka, ga shi ko ruwa bai kurɓa ba tun da aka tashi daga sujada.

"Wanga ba dutse ba ne," in ji Ɗantala, ya tofar da yawu gefe. "Siminti ne aka yi ma rini."

Mai kayan, wani Zunnuraini mutumin Maraɗi, ya gyara zama bisa buhunsa. "Haba Baba. Fuska biyu gare shi, nan kaushi, nan laushi. Daga ƙasar Sin aka kawo shi. Ga kwalinai ma."

"Bisa kwalin zan wasa aska?"

Ezra tsohon duba-gari ne. Shekara goma sha tara da suka wuce aiki ya kawo shi kan iyaka, Magama, daga can wajen Kafancan. Da ya yi ritaya sai ya zauna, shi da matarsa Dabora, don 'ya'ya duk sun watse kuma gida ya riga ya ginu. Katanga ɗaya ta raba shi da Ɗantala, amma a duk shekarun nan bai taɓa barin askar tsohon ta taɓa kansa ba. Aska ɗaya, kai ɗari, ana goge ta da tafin hannu a ce ta tsarkaka: a wurin Ezra wannan ƙazanta ce da ta samu gindin zama. Shi kuwa Ɗantala, ko sunansa ba ya kamawa. "Duba-gari" yake ce masa, da irin muryar da ake ce wa mutum "mai kwasar bola."

Ba don dutse suka fito ba. Da safe Adama, matar Ɗantala, ta leƙo ta katanga ta roƙi Ezra ya kai mijin nata a duba shi a sayo magani, don ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in ya yi taku goma sai ya tsaya neman numfashi. Akuyarta ta sayar, ta ƙulle masa naira dubu shida a bakin hula. Da suka iso daidai kasuwa, tsohon ya dafa kafaɗar Ezra ya ce a tsaya, minti biyu. Ga shi an doshi awa guda.

"Wanzam," in ji Ezra, "matarka magani ta ce. Ba ta ce ka zo ka lashe kasuwa ba."

"Laraba suna," in ji Ɗantala, bai ko ɗago ba. "Da mi zan yi ma jikana aski, da ƙwayar magani?"

Matar Shafi'u, babban ɗansa, ta haihu ranar Laraba, namiji, jikan fari a gidan. Shafi'un ne kuma ya raba tsohon da mawashinsa na gado. Wata uku baya, ya loda wa wata tsohuwar mota jarkokin fetur har ta durƙusa, birki ya ƙi, ya shiga zauren ubansa ya ɗauko abin da hannunsa ya fara taɓawa ya tokare taya. Dutsen da kakan Ɗantala ya wasa aska a kansa ya zama tsakuwa. Tun ran nan tsohon ke lallaɓa askokinsa da fata kaɗai, suna ta dakushewa.

Ɗantala ya ɗauki wani ja, ya zuba masa ɗigon ruwa daga butar mai kayan. Nan take dutsen ya shanye.

"Ka gani? Mai ƙishirwa ne. Dutsen da ke shan ruwa haka, ƙarfe ma haka zai sha. Wanga na adda ne da gatari." Ya ajiye. Ya ɗauki wani fari, ya kwantar da bayan askarsa a kai, ya ɗaga sama ya hango rana ta ƙarƙashi. "Wanga kuma ƙusumbi gare shi. Kai yaro, dutsen aska iri biyu ne, in ba a taɓa gaya maka ba. Akwai mai ci, shi ke fidda giɓi. Akwai mai lallashi, shi ke kawo kaifi. Duk tarin ga naka maciya ne."

Zunnuraini ya ji haushi. Ya sa hannu cikin jaka ya fito da wani abu naɗe a tsumma, ya warware a hankali. Dutse ne mai launin toka, dogo kamar sabulu, sumul.

"To ga na manya. Daga Agadas. Jikka goma sha biyu, dubu goma sha biyu ke nan na sefa. In naira ce, yadda ta lalace ɗin nan, sai dai mu buga lissafi."

Ezra ya yi dariya ta hanci. Ko akuya uku Adama ta sayar ba za su kai ba. Amma Ɗantala bai yi dariya ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa shi a kuncinsa, ya daɗe. Wannan bai lasa ba. Ya mayar da shi cikin tsumman da kansa.

"Wanga dutse ne," ya ce. "Amma ba nawa ba ne."

Ya dafa gwiwa zai miƙe, sai idonsa ya sauka a kusurwar ledar da aka shimfiɗa kayan. An danne ta da wani gutsuren baƙin dutse, bai fi tafin hannu ba, gefe guda a karye.

"Miƙo mani wancan."

"Wancan? Karyayye ne, a gindin buhu na tsince shi. Iska nake tarewa da shi. Ka sayi na kwali in ba ka shi gyara."

Ɗantala ya goge ƙasar da ke jikinsa da bakin riga. Ya ɗiga ruwa, ruwan ya tsaya bisa dutsen yana ƙyalli, bai nutse ba. Ya ɓalli ɗan ƙaramin gefen da ya karye ya dinga murza shi a kai, sai ga wani ruwa ya taso fari-fari, kamar an dama farar ƙasa. Ya shafa tsakanin yatsu biyu. Ya sa a haƙorinsa na gaba, bai ji ƙasa-ƙasa ba.

"Shekara nawa kana saida duwatsu?"

"Tara."

"Shekara tara, dutse na kirki yana gabanka kana danne leda da shi. Wanga ƙanen wancan na cikin tsumma ne. Da ubanka ya kai ka kiwon jakai da ya fi maka."

Ezra ya rufe ido don takaici. Kyauta aka miƙo, tsohon banza ya buɗe baki. Nan da nan kuwa karyayyen dutse ya yi daraja: Zunnuraini ya ce dubu bakwai, aka yi ta ja har aka tsaya a huɗu. Ɗantala ya ƙara ɗari biyar ya ɗauki wani dutsen gulbi mai ɗan kaushi, ya ce wannan ya isa fidda giɓi. Abin da ya rage bai sayi komai ba sai ƙwayar ciwon jiki da man zafi.

A hanya Ezra ya kasa haƙuri. "Da ka yi shiru, da ga dutse ga magani."

"Ban wasa aska bisa abin da na cuci jahili na samu," in ji Ɗantala daga bayansa. Yana maganar yana haki, Ezra na jin ƙirjinsa na ƙugi a gadon bayansa kamar tukunya ta kusa tafasa. Girman kan talaka, in ji Ezra a ransa, ya fi hawan jini kisa.

Adama ta fito ta ga abin da aka sayo. Ta dubi duwatsun, ta dubi Ezra, ta koma ɗaki.

Duk layin, barandar Ezra ce kaɗai ke da daɓen siminti mai santsi. Ba tare da neman izini ba, Litinin da hantsi Ɗantala ya zo ya zauna a kai, ya zuba ruwa da rairayi mai laushi, ya kifa baƙin dutsen ya dinga gurza shi don fuskarsa ta miƙe. Ƙurrr, ƙurrr, har azahar. In ya gaji ya jingina da bango, baki buɗe, sannan ya koma. Dabora ta kawo masa kunu, ya sha rabi.

"Zai cinye mana daɓe," in ji Ezra a cikin ɗaki.

"Daɓen ne ya dame ka?" in ji Dabora. "Ka dubi leɓensa kuwa?"

Ya duba. Leɓen ya yi shuɗi-shuɗi. Ya san ma'anar wannan launin, aikinsa ne ya sani: zuciya ce ke gazawa. Ya kuma ga wani abu: duk sa'ad da tsohon ya ɗaga hannu daga kan dutsen, yatsunsa rawa suke kamar ganye.

Talata aka shiga wasa aska. Ɗantala ya fara da dutsen gulbi har giɓin ya fita, ya koma kan baƙin. Ya kwantar da askar gaba ɗaya, baki da baya, yana turawa yana juyowa, ba ya dannawa, ruwan dutsen na komawa toka-toka. Gutsuren ya yi gajere, sai ya dinga tafiya a karkace don duk bakin ya samu. Da la'asar ya ja ta bisa fata sau da yawa, ya tsinko gashi ɗaya daga gemunsa, ya ɗora a bakin askar. Gashin ya rabu biyu ba tare da ya ja ba.

"Duba-gari, rezarku ta kanti tana haka?"

"Rezarmu ta kanti ba ta yawo daga kai zuwa kai," in ji Ezra.

Tsohon ya yi tsaki, ya tattara ya tafi.

Bai daɗe da fita ba sai ga Shafi'u, yana warin fetur, waya biyu a hannu. Ya tsuguna ya gaida Ezra da ladabin da bai saba ba.

"Malam Ezra, shawara na zo nema. Dangin matata za su zo daga cikin Katsina, 'yan boko ne. Ga Baba ya nace shi zai yi ma yaron ga aski da tsohon ƙarfenai. Kai ka san harkar lafiya. Mi ka gani?"

Ezra ya san ba lafiyar jariri ce ta kawo shi ba. Kunya yake ji a ga ubansa da zabira a rataye gaban surukai masu gilashi. Ya raina shi ƙwarai. Amma abin da ya tambaya yana da amsa, kuma Ezra bai taɓa iya riƙe amsa a ciki ba.

"Hannunsa rawa yake yi. Kan jariri kuwa kamar ƙwai ne. A sayi reza sabuwa, a samu mai ƙarfin hannu. Amma kai za ka gaya masa, yau, kai da shi."

"In sha Allahu," in ji Shafi'u, ya miƙe yana duba waya.

Bai gaya masa ba. Laraba da sassafe, bayan an raɗa suna an raba goro, Ezra na tsaye ƙofar gidansa ya ga Ɗantala ya fito da wankakkiyar riga, zabira a kafaɗa, ƙafa ba takalmi don babu wanda zai shige shi. Gidan Shafi'u na ƙarshen layi. Sau uku tsohon ya tsaya kafin ya kai. A ƙofar zauren ya yi kiciɓis da wani mai shagon aski na bakin tasha yana fitowa, yana jefar da takardar reza. An riga an gama.

Muryar Shafi'u ta taso har inda Ezra yake, don so yake baƙi su ji. "Baba, ka huta mana! Zamani ya canza. Malam Ezra ma da ya san lafiya shi ya ce kada a bari, hannunka rawa shikai."

Mutanen da ke kan tabarma suka sunkuyar da kai. Wani cikin surukan ya ce, "Ai gaskiya ne, Baba, a huta."

Ɗantala bai shiga ba. Ya juyo. Ezra ya so ya shige gida ya rufe ƙofa, amma ya ga hakan aikin yara ne, sai ya tsaya. Tsohon ya iso barandar, ya sauke zabira, ya zauna har numfashinsa ya dawo. Sannan ya nuna ƙasa a gabansa.

"Zauna."

"Wanzam, abin da na ce wa yaron nan..."

"Ban tambaye ka ba. Kwana biyu na yi ina wasa ta. Ba ta komawa kube ba ta ci gashi ba. Zauna."

Ezra ya shiga ɗaki. Dabora ta zaci ya gudu ne, sai ta ga ya fito da kwalbar sifirit da auduga. Ɗantala ya miƙa masa askar da yatsu biyu, yana kallon gefe, kamar wanda aka ce ya buɗe kayansa a shingen kan iyaka. Ezra ya goge ta sau biyu, ya mayar. Ya cire hula ya zauna a daɓen, ya ba shi baya.

Ruwan ya yi sanyi. Tsohon ya murza sabulu, ya dinga shafa kan yana dannawa har gashin ya yi laushi. Ezra na jin yatsun suna karkarwa bisa fatarsa. Sai askar ta sauka a tsakiyar kai. Bai ji ta ba. Abin da ya ji kawai wani ɗan sauti ne, shuu, da iska na taɓa inda ba ta taɓa taɓawa ba. Furfura na zubowa a cinyarsa tare da kumfa. Ba ja, ba zafi. Shekara sittin da uku ana yi masa aski, bai san haka abin yake ba, kuma ya ji haushin sanin.

Masu wucewa zuwa gidan suna suka dinga rage tafiya. Ɗantala bai dubi kowa ba. Ya gama gefen dama, ya karkata kan da yatsa ɗaya, ya gama ƙeya. Numfashinsa na busa wa Ezra a wuya, gajere-gajere. Ya lanƙwasa kunnen hagu, ya bi bayansa.

Nan Ezra ya ji ɗan tsini, kamar cizon sauro.

Askar ta tsaya. Ezra ya kai hannu ya taɓa, ya duba: ɗigon jini ne, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ba komai," ya ce. "Ni na motsa."

"Ba ka motsa ba."

"Na ce na motsa."

"Duba-gari, shekara hamsin ina riƙe da kawunan mutane. Na san wanda ya motsa." Ya dangwali auduga ya danna wurin. Sannan ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, a hankali, ya wanke askar, ya share ta, ya sa a kube. "Ka yi gaskiya," ya ce, kamar mai tofar da abu mai ɗaci. "Kai dai kullum kana da gaskiya. Allah shi sawwaƙa maka."

Ezra ya sa hannu a aljihu. Tsohon ya yi masa wani kallo, ya fiddo hannun ba komai.

Alhamis Ɗantala bai fito ba. Ezra ya je da kansa ya ce zai ɗauko mota a tafi Katsina, shi zai ɗauki nauyi. Ɗantala na jingine da bango bisa tabarma, ya ce a bari sai an sauko Juma'a. Shafi'u kuwa ya ƙetara iyaka zuwa Ɗan Isa da kaya tun asuba, wayoyinsa biyu duk ba sa shiga.

Ranar Juma'ar, ana kiran sallar farko, muryar Adama ta ƙetaro katanga, ba da ƙarfi ba. "Dabora, turo mani Malam Ezra."

Ruwa Ɗantala ya ce Adama ta kawo masa. Kafin ta dawo daga randa ya tafi. Yana zaune yadda yake, kai ya ɗan karkata, hannayen a bisa cinya, sun daina rawa. Ezra ya taɓa wuyansa, ya daɗe yana nema ko da ya san babu. Ya ɗago ya dubi Adama. Ta ajiye moɗar a ƙasa a hankali don kada ruwan ya zube, sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kafin magariba aka kai shi. Ezra ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta, ya zuba ƙasa.

Shafi'u ya dawo da dare ya yi kuka har da faɗuwa. Washegari ya kafa rumfa biyu, ya jera kujerun roba, ya sa aka dafa shinkafa buhu guda. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Wallahi ba a yi wanzami kamar Baba ba duk ƙasar Katsina. Har Maraɗi an san askarshi." Surukan nan masu gilashi suka dawo suna gyaɗa kai. Wani ya ce irin waɗannan sana'o'i bai kamata a bari su mutu ba. Ezra na zaune a ƙarshen layi yana jin su, yana duban shinkafar da kuɗinta zai kai mutum asibiti sau biyar. Da Shafi'u ya zo gabansa ya ce, "Malam Ezra, ka yi rashin aboki," bai miƙa masa hannu ba. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya tashi. A gida Dabora ta ce bai kyauta ba. Ya ce ya sani. Bai gaya mata cewa duk cikin rumfar nan babu wanda yake jin haushinsa kamar shi kansa, mai gaskiyar nan da ke zaune a ƙarshen layi, ba.

Kwana biyar bayan nan ya fita bakin iyaka shan shayi. Manyan motoci sun yi layi suna jiran a buɗe musu, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu. Wani kamiyo mai lambar Nijar, shaƙe da albasa, ya tsaya a ƙarshen layin. Direban, dattijo mai ƙiba, ya sauko ya miƙe bayansa, ya tsallaka titi kai tsaye zuwa gindin bishiyar bedin da Ɗantala ya saba zama yana yi wa direbobi aski. Bai ga tabarma ba, sai ya share wani saiwa da hannu ya zauna. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya shafa sumar da ta taru masa, ya juya yana kallon bakin layin unguwa.

Mai shayi ya dubi Ezra. Ezra ya dubi kofinsa.

Can inuwar ta ɗan gusa. Direban ya matsa kaɗan ya bi ta, ya gyara hular a gwiwarsa.